Ragon Nowel da Ba Mu Ci Ba

Bana ma Nowel, wato Kirsimeti, ta zo ta wuce, kuma a layinmu ban ga wanda ya aika a kirawo maƙwabci ya yanka masa ko da zakara ba. Jikana, wanda nake zaune a gidansa, ya sayo akuya. Na tambaye shi wa zai yanka. Ya yi mani irin dariyar da ake yi wa tsoho in ya tambayi abin da ya wuce, ya ce, "Kaka, wannan ai na zamanin tsoro ne. Mu ƴantattu ne." Ya faɗi kalmar da ƙarfi, yadda ake faɗinta a lasifikar majami'arsu, inda ake kururuwar ƴanci tun safe har rana ta take, sai ka ce wani ne ya riƙe masu shi ya hana. Ya yanka akuyarsa, suka soya, suka ja ƙofar ƙarfe suka ci. Kwano ɗaya bai fita daga gidan ba. Ni da ma tun ina yarinya bakina ba ya saurin buɗewa. Amma na taɓa jin wannan magana, da wannan murya, daga bakin wani mai farin wando, tun ba a haifi uban yaron nan ba, kuma tun daga ranar ban ƙara ganin girman mai yin ta ba.

Garinmu Gaya ta lokacin ba wannan ba ce ta manyan motoci da ke jere tun daga gada har bayan gari suna tusa wa mutane hayaƙi. Gadar ma babu ita. Wanda zai ƙetara Dahome sai ya jira jirgin fito, kuma kiran masu fito ne ke fara shiga kunnena da safe, kafin lugude ya tashi gida gida. Sai kukan jakunan fatake da suka kwana a bakin kasuwa, sai wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a bishiyar lakwal, wato makarantar boko, wanda in an buga shi muke kwasa a guje. Ƴan mata ba mu da yawa a lakwal ɗin. Ni a can baya nake zama, jikin bango, in malam ya nuna ni sai muryata ta maƙale ko da na san amsar. Abin da na iya shi ne kallo. Ina gane yarinyar da ta zo ba ta karya ba daga yadda take lasar leɓe, ina gane ranar da malam ya fito gida cikin fushi daga maɓallin rigarsa da ya sa a karkace. A gida ma haka nake, ina gefe ina tsintar tsakuwa a shinkafa, manya su manta ina wurin su yi ta zancensu. Yaran yanzu ba sa ganin kome, don bakinsu ba ya rufuwa balle idonsu ya samu aiki.

Mu masu bin Almasihu a garin, inuwar bishiya ɗaya ta ishe mu. Majami'armu ɗakin laka ne mai jinka, ba ganga, ba ƙararrawa, in muna waƙa wanda ke wucewa a hanya da kyar yake ji. Sauran gari duka Musulmi ne, ƴan kasuwa da masu jirage da masunta. Babana tela ne, kekensa na ɗinki a zaure. Yana saurayi aka kama shi aikin tilas na Nasara, aikin hanya, dutse ya fasa masa ƙafa. Gyambon ya ƙi warkewa har aka ƙetara da shi wani asibitin mishan a ƙasar da Ingilishi ke mulki. Ya dawo yana ɗingishi, ya dawo kuma da bangaskiyar da ya mutu a cikinta.

Muna da wata al'ada wadda ba wanda ya kafa mana ita doka. In Sallar Layya ta zo, kwanoni ke shigowa gidanmu ta ko'ina har Inna ta rasa inda za ta shanya nama. In Nowel ta zo, mu ma mu rama. To amma mutanen unguwarmu ba sa cin yankan wanda ba ya salla. Daga baya na ji cewa malamai suna da dogon zance a kan haka, wasu sun yarda wasu sun ƙi, amma maƙwabtanmu abin da suka tarar iyayensu na yi shi suke bi. Saboda haka kowane gidan masu bi yana da mai yankansa. Namu Alfa Sumana ne, malamin da katangarsa ke haɗe da tamu, siriri, mai yawan tari da barkwanci. Da safiyar Nowel zai shigo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, ya gaishe mu da yaren garin, ya ce, "Fofo, masu Salla," ya juya dabbar gabas, ya yi abin da ya saba, ya wanke hannu, a ba shi wuya ya tafi. Daga nan rabon kwano ya hau kaina. Na san gidan da ake kai wa romo saboda tsoho, da gidan da ake ƙara tsoka saboda mai jego, kuma ba a maido mana da kwano wayam, ko dabino ne sai an jefa a ciki. Na taɓa tambayar Baba a hankali ko shi bai iya yanka ba ne. Ya ce, "Na iya mana. Amma in na yanka mu kaɗai za mu ci, in Alfa ya yanka kowa ya ci. Ni kuwa ba don in ci ni kaɗai nake kiwon rago ba."

Mutum ɗaya ne abincinmu ba ya shiga bakinsa ko wa ya yanka, ita ce Kaka, mahaifiyar Inna, da ke zaune a ƙauyen Bengu. Tun ranar da Inna ta bi Baba aka yi mata baftisma a gulbi, Kaka ta ce ta gama sa hannu a abin da Inna ta dafa. Ba ta yanke zumunci ba. Takan zo ranar kasuwa ta zauna a tsakar gidanmu, da ƙwaryar furarta da ta ɗauko tun daga Bengu, har da butar ruwanta. Inna ta dafa, ta kawo, ta durƙusa ta ajiye. Kaka ta kalli gefe. Abincin ya huce, Inna ta zo ta ɗauke. Tun da na yi wayo haka na ga ana yi, kuma Inna ba ta taɓa fasa kawowa ba. Na sha ganinta a madafa tana goge ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Da yake kuma ita ce ƴar fari, Kaka ba ta kama sunanta, ba ta ma cika yi mata magana kai tsaye ba, sai ta bakina. "Ke bebiyar lakwal," haka take ce mani, "gaya wa uwarki kaza," uwar tawa kuwa tana tsaye a gabanta.

A shekarar da nake ba da labarinta, Kaka ta kwanta ciwo da damina, har aka fara fid da rai. Inna ta tafi Bengu ta yi jinyarta, ita ke wanke ta, ita ke juya ta, amma ko kunu sai wata maƙwabciya ke dama mata. Da Kaka ta samu sauƙi ta zo kasuwa bayan girbi, ta tarar da ɗan ragon da Inna ke kiwo a bayan ɗaki. Ta daɗe tana kallonsa tana tauna goro.

"Bebiya, wanga rago na mi ne?"

Na ce na Nowel ne.

"Wa ke yanka muku?"

Na ce Alfa Sumana.

Ta tofar da tuƙar goron. "Gaya wa uwarki, in Alfa ya yanka da hannunsa, ina zuwa in ɗanɗana. Ta dafa shi ya yi laushi, ba ni da haƙoran jayayya."

Inna tana riƙe da tsintsiya a lokacin. Sai ta sunkuya ta yi ta sharar wurin da ta riga ta share. Daga ranar ragon nan ya zama babban baƙo a gidanmu. Harawar wake, ruwan dusa da kanwa, kuma kullum na taso lakwal sai na biya kasuwa na tsinto masa ganyen da masu miya suka zubar. Ni na san ba rago Inna ke kiwo ba, ranar take kiwo.

A cikin watannin nan ne Komi Istifanus ya iso garin. Ɗan garin Karakara ne, can Na-Allah ake kiransa. Aka kai shi karatu nesa, ya dawo da farin wando, da hular kwano irin ta Nasara, da keke mai ƙararrawa wadda yake kaɗawa ko ba kowa a hanya. Komi yake, wato mai rubutu, a kantin wani Bature. Lokacin gari ya cika da zancen Nasara sun kusa tafiya, a kasuwa ƴanci, a mafitar jirage ƴanci, shi kuwa ya kwaso na kasuwa ya haɗa da na majami'a ya dama su wuri guda. Mai bisharar da ke kula da mu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, sai ya riƙa ba Komi karatun ranar Lahadi. Karatun ya iya, ba zan hana shi ba. Amma yana faɗin Almasihu ya ƴantar da mu kamar shi ya taya shi aikin. Daga inda nake zama ina ganin abin da manya ba sa gani. Takalminsa ya matse shi, yana zama yake zare dunduniyarsa a ɓoye. Ba ya zama a tabarmar kowa sai ya kaɗe ta da hankici, amma ba gidan masu bi da bai ci tuwonsa ba, kuma ko gishiri bai taɓa kai wa kowa ba. Ranar Lahadi yana ce mana mai bi ba ya sunkuyar wa ɗan Adam, ranar Litinin kuma na gan shi da idona ya cire hula tun motar Baturensa tana nesa, ya tsaya a rana yana murmushi har ta ɓace.

Lahadin da ke kafin Nowel, da aka tashi sujada, ya tare Baba a ƙofa, samari na bayansa.

"Baba tela, na ji wai har yanzu sai an kirawo muku malami kafin ku ci naman guminku."

"Haka muke yi," in ji Baba.

"Wannan bauta ce. An kwance ku, kun koma kun miƙa wuya. Hannunka ƙazami ne da sai wani ya yanka maka?"

"Hannuna lafiya lau. Baƙi gare ni."

"Baƙon da ba zai ci yankanka ba ya zauna gidansu."

Baba ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Ɗana, bauta na san ta, ga shaidarta a ƙafata. Wannan ba ita ba ce."

"Ta jiki ka sani, ni ta ruhu nake faɗi," in ji Komi. Ya juya ga samarin ya yi wata magana da Faransanci, suka tuntsire da dariya. Ni na ji abin da ya ce, don an koya mana kalmar a lakwal. Tumaki ya kira iyayenmu. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko kwandon ƙasa a kansa ba, shi ke koya wa Baba mece ce bauta.

Ranar Nowel da sassafe, sanyin gulbi yana shiga har ƙashi, Baba ya ɗaure ragon a tsakar gida, ya haƙa ɗan ramin jini, ya leƙa gidan Alfa. Aka ce an zo an ɗauke shi yankan suna a unguwar masunta. Sai Baba ya ɗauki sandarsa ya bi shi can, don kada rana ta yi. Inna tana madafa tana hura wuta, ni ina wanke shinkafa, muka ji ƙararrawar keke har cikin zaure. Komi ne da samari biyu.

"Barka da Nowel, Inna. Ina mai gidan?"

"Ya tafi ɗauko Alfa."

"To mun hutar da shi." Ya zaro wuƙa sabuwa fil, ta kanti, tana ƙyalli.

Inna ta fito da muciya a hannu. "Istifanus, ka bar ragon nan. Uwata tana hanya."

"Saboda ita ma na zo. Yau za ta san ɗiyarta ba baiwar kowa ba ce."

"Na ce ka jira mai gidan. Ba ragonka ba ne."

"Na Ubangiji ne," in ji shi, ya yi wa samarin alama da kai, suka kama ƙafafun ragon.

Inna ta ce in ruga in kira Baba. Na ruga. Na same su shi da Alfa sun kawo bakin kasuwa suna tafe suna hira, abin da ya iya fita bakina kawai shi ne, "Rago, Komi." Baba ya yi saurin da ƙafarsa ta yarda masa, amma ko da muka shiga an gama. Ragon na kwance nesa da ramin da aka haƙa masa, jini ya fallatsa har jikin randa, farin wandon nan ya rine daga gwiwa zuwa ƙasa. Komi na tsaye yana haki, yana jira a yaba masa.

Alfa ya tsaya a bakin zaure da wuƙarsa a hammata. "Ashe an riga ni," ya ce. Ya yi tari, sannan ya juya ga Baba ya rage murya. "Tsohuwa fa?"

Baba ya juya ga Komi. Kallonsa kawai yake yi. Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba, Komi ma ina jin bai taɓa ganin irinta ba, don nan take muryar wa'azin ta tsere masa, wata ƴar siririya ta maye gurbinta.

"To ai abin bai kai haka ba," ya ce. "Nama nama ne. In tsohuwar ta zo a ce Alfa ya yanka. Wa zai gaya mata? Ga shi ma ya shigo da wuƙarsa, kowa ya gan shi."

Kun ji jarumin da ya zo nuna wa Kaka cewa ba ma tsoron kowa. Ƴancin nasa bai jira ko jinin ya bushe ba ya koma ƙarya, kuma a bakin wasu yake so a sa ta.

"Wuƙata a bushe take," in ji Alfa, "in an tambaye ni haka zan ce."

"Ba sai an tambaye ka ba, Alfa," in ji Inna. "Ni zan faɗa mata." Sannan ta nuna ragon da muciya. "Ku ɗauke shi ku kai majami'a a raba wa masu bi. Ba za a dafa shi a gidan nan ba."

Komi ya samu abin kamawa. "Ke ma kin ɗauka haram ne ke nan. Kin ga abin da nake faɗi. Har yanzu tsoronsu yana cikinki."

Inna mace ce marar yawan magana, daga wurinta na gado, amma ranar ta yi. "Ba haram ba ne gare ni. In na so, yanzu in gasa hantarsa in ci a gabanka, ba abin da zai same ni. Almasihu bai ɗora mani dokar nama ba, shi ya sa ma nake iya barinsa saboda uwata. Kai ne ba ka iya bari ba. Rago ɗaya a gidan wani ya hana ka sakat, har ka je ka sayi wuƙa."

Na zauna a gaban masu wa'azi iri iri tun daga ranar, masu kwat da masu babbar riga, ban ji wanda ya ƙara mani kome a kan wannan ba. An kwance hannunmu ne don mu samu abin da za mu yi wa wani hidima da shi. Wanda aka kwance ya tashi yana neman wanda zai mara don a san an kwance shi, son a gan shi ne ke jansa, ko ina kuwa ya ja shi sai ya bi. Irin su Komi ba sa iya barin kome, ko nama, ko gardama, ko kujerar gaba, sannan su ne masu kiran wasu bayi.

Baba ya ce, "Ka ji abin da ta faɗa." Samarin suka ɗora ragon a kan keken suka sulale, suka bar Komi yana turawa shi kaɗai ta tsakiyar gari, kan ragon yana reto, hula tana zamewa, karnuka na biye, mata a bakin rijiya suna ce masa sannu da aiki. Ba zan ɓoye ba, akwai waɗanda suka ci naman a majami'a suka sa masa albarka, har suka ce Inna ta cika tsoron dangi. Bayan Nasara sun tafi ya samu babban biro a birni, da mota, da tumbi, kuma an ce har ya tsufa yana ba da labarin ranar da ya tsinke sarƙa a Gaya. Mu dai abin da muka san ya tsinke shi ne rabon unguwa. A shekarar ba kwanon da ya fita daga gidanmu. Yaran maƙwabta suka yi ta leƙowa ta zaure suna komawa.

Da hantsi Kaka ta iso tare da wasu matan Bengu masu jaki. Ta sa sabon zane. Abin da na fara gani shi ne hannuwanta: ba ƙwaryar fura, ba buta. Ta taso tun asuba ba ta ɗauko kome ba, ta dogara ga tukunyar Inna.

"Bebiya, ban ji ƙamshi ba," ta ce. "Ko ragon ya gudu?"

Inna ta zo ta durƙusa a gabanta. "Iya, ba Alfa ya yanka ba. Wani daga cikinmu ya riga shi. Na fitar da naman daga gidan."

Kaka ta kalli tokar da aka barbaɗa a kan jinin, ta kalli igiyar da ke kwance a turke. Ta juyo gare ni. "Gaya wa uwarki, da ta dafa ta ba ni, da na ci ban sani ba."

"Ni da na sani, Iya," in ji Inna.

Kaka ta kau da kai. Ta juya ta fita, ta zauna a kan saiwar durumin ƙofar gida, ta ce tana jiran matan Bengu su gama abin da ya kawo su a koma tare. Baba ya kai mata tabarma, ta ƙi. Sai ya sa hularsa ya nufi gulbi da ƙafar nan tasa da ta riga ta gaji, ya dawo da tarwaɗa manya daga wurin masunta. Da zai shige ta gabanta ya ɗaga su sama kaɗan ya ce, kamar da kansa yake, "Kifi dai ba ya jiran Alfa." Kaka ta yi kamar ba ta ji ba. Inna ta aike ni gidan Alfa aron tukunya da ludayi, ta ce in bi ta gaban Kaka, kada in bi ta baya, don ta ga daga inda suka fito. Matar Alfa da kanta ta rako ni, ta gaida Kaka, ta shigo ta zauna a bakin madafa inda za a hango ta daga waje. Inna ta yi miya da daddawa da albasa da ɗan tattasai, ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, ta zauna ta cire ƙayar kifin da yatsunta. Ta zuba a akushi ta rufe da faifai. Ba ta ba ni in kai ba. Ita ta fita da shi har bakin hanya, ta durƙusa a cikin ƙasa a gaban masu wucewa, ta ajiye, ta koma ciki.

In na ba yaran yanzu labarin nan, tambayarsu ɗaya ce, ko Kaka ta karɓi bangaskiya daga baya, sai ka ce tarko aka ɗana mata da kifin. Su kome sai an ci riba, ko gaisuwa suka yi wa maƙwabci suna jiran ranar da za su ba da shaidarta a lasifika. Kaka ta rasu da carbinta a hannu, Inna ta rasu da waƙar sujada a bakinta. Inna ba ciniki take yi ba. So take uwarta ta ci abin da ta dafa, ko sau ɗaya, kafin ɗayarsu ta bar duniya.

Na laɓe a bayan zana ina leƙe ta wata ƴar kafa. Aka kira azahar, matar Alfa ta kawo wa Kaka ruwa ta yi alwala, ta yi salla, ta koma ta zauna. Akushin yana nan inda aka ajiye shi, tururin da ke fita ta gefen faifan yana raguwa. A cikin gida ba motsin kome, Inna ta ba ƙofa baya tana zaune a gaban murhu. Can sai ga matan Bengu da jakinsu.

"Tashi mu tafi, rana na yi," in ji ɗaya.

Kaka ta dafa saiwar kamar za ta miƙe. Sai wata kazar maƙwabta ta zo tana zagaya akushin, ta kai baki ga faifan. Kaka ta kai mata duka da bayan hannu. "Tafi can, marar kunya, naki ne?" Ta ce wa matan, "Ku ba jakin ruwa tukuna, ba ku ga ya gaji ba?" Suka kalli juna suka ja shi zuwa rijiya.

"Ke bebiya, na san kina bayan zana. Kawo ruwan wanke hannu."

Na kawo da sauri har na zubar da rabi. Ta wanke, ta yi bisimilla, ta ɗage faifan. Ta ci a hankali, tana kallon hanya kamar ba ita ke ci ba, ni kuma ina tsugune ina kallon yatsun ƙafata. Da ta gama ta suɗe hannu ta turo mani akushin, ba kome a ciki.

"Gaya wa uwarki gishirinta ya yi yawa," ta ce. "Tun tana yarinya hannunta ke da nauyi. Ta ƙaro."